Tsamin Da Ya Ƙi Mutuwa: Tarihin Giyar Kriek Ta Ƙasar Beljiyam

Idan aka fita daga birnin Burasel, hedkwatar ƙasar Beljiyam, aka nufi kudu maso yamma, ba a yin tafiyar rabin sa'a a mota sai a faɗa wata karkara mai tudu da gangare, mai gonakin alkama da makiyaya, wadda mutanen wurin ke kira Pajottenland. Wani ɗan kogi mai suna Senne ya bi ta gefenta ya shiga birni, kogin da a wurinmu da ƙyar zai wuce a kira shi rafi. A wannan ɗan yanki ne, da unguwannin Burasel da ke maƙwabtaka da shi, ake yin wata giya mai tsami da ake kira lambik, wadda in aka zuba mata 'ya'yan itacen ceri, aka bar ta ta tsimu a cikin gangar katako, sai sunanta ya koma kriek. Galibin masu karanta wannan mujalla ba mashaya ba ne, mu ma kuma ba tallar barasa ta kawo mu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ɗanɗano, wanda ba ya rubutuwa a takarda kuma ba ya ajiyuwa a gidan tarihi, ya zama gadon wata al'umma, ya kusa ɓacewa a cikin shekaru talatin kacal, har sai da aka kai ga kafa doka a kan kalma guda kafin a cece shi.

Bari mu fara da ita kanta giyar. Ja ce wur, kamar zoɓon da ya ji ganye, da 'yar kumfa mai ruwan hoda a bisa. Wanda ya gan ta a kofi zai ɗauka abin zaƙi ne. To, babu zaƙi a cikinta ko na magani, domin ƙananan halittun da suka tsimar da ita sun cinye sukarin hatsin da na 'ya'yan itacen ƙarƙaf. Masu ɗanɗana ta kan ce abin da ke fara dukan harshe shi ne tsami, mai kama da na nonon da ya kwana biyu a ƙwarya, a haɗe da wani siririn tsami mai kaifi irin na lemo. Bayansa sai ɗanɗanon cerin kansa, sai bauri mai ɗaure baki irin na ɗanyar kanya, wanda ke fitowa daga ɓawon 'ya'yan itacen da jikin katakon ganga. A can ƙarshe kuma akwai wani ɗan ƙamshi mai ɗaci-ɗaci irin na ƙwayar almon, wanda ƙwallon cerin ke bayarwa. Amma abin da ya fi raba mutane a kanta shi ne warinta. Masoyanta da kansu, ba maƙiya ba, su ne ke kwatanta shi da warin barga, da na shimfiɗar sirdin da doki ya jiƙa da gumi, da na tsohuwar fata, da na busasshiyar ciyawa a rumbu. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tunda mun san daddawa: baƙo na toshe hanci, uwargida kuwa ba ta kaɗa miya sai da ita.

Yadda ake yin ta ne ya haifar da wannan hali nata, saboda haka ya kamata mu ɗan tsaya a nan. Ana haɗa tsiron sha'ir da ɗanyar alkama wadda ba a tsirar ba, alkamar kuma ba ta gaza kashi 30 cikin 100 ba, kamar yadda wata dokar sarautar Beljiyam ta 1965 ta tanada. Ana dama su da ruwa ta wata hanya mai wahala, ana ɗebe farin ruwan da ke tasowa ana dafa shi daban ana mayarwa, ta yadda ruwan hatsin zai fita gurɓi-gurɓi, cike da sitaci da nau'o'in sukari masu wuyar narkewa. Mai yin giyar zamani zai ce wannan ɓarna ce. A wurin mai lambik kuwa guzuri ne da ya tanadar wa halittun da za su yi shekaru suna ci a cikin ganga. Daga nan sai a tafasa ruwan na tsawon sa'o'i uku zuwa biyar tare da hof, wato furen wata shuka mai yaɗo da Turawa ke sa wa giya domin ɗaci da hana lalacewa. Sauran masu giya na neman sabon hof mai ƙamshi, su kuwa waɗannan sai wanda ya shekara biyu ko uku a ajiye, ɗacinsa ya gudu, ƙarfinsa na kashe miyagun ƙwayoyi ya saura.

Da yamma sai a tura tafasasshen ruwan zuwa can saman bene, ƙarƙashin rufin gidan, a zuba shi a cikin wani ƙaton faranti mai faɗi marar zurfi, wanda a tsofaffin gidaje na jan ƙarfe ne. A buɗe tagogi, a tafi a kwanta. Babu wanda zai zuba yisti. Iskar dare ce za ta huce ruwan, ita da ƙurar katakon rufi za su bar masa abin da suka ɗauko, washegari kuma a ɗura shi a gangunan da su ma jikinsu ke cike da halittun da suka gada daga giyar bara da ta bara waccan. Saboda haka ne ba a yin wannan aiki sai a lokacin sanyi, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu. In dare ya yi ɗumi, ruwan ba ya hucewa da wuri, kuma abin da zai faɗa cikinsa ba alheri ba ne. Masu dafa burkutu a ƙasarmu sun san rabin wannan sirri, domin su ma sukan bar ruwan dawa ya kwana ya yi tsami da kansa. Bambancin shi ne burkutu ta 'yan kwanaki ce, lambik kuwa sai ta shekara ɗaya zuwa uku a kwance.

Gangunan nan ba sababbi ba ne. Yawanci na katakon ok ne, waɗanda suka gama aikin ɗaukar ruwan inabi daga Faransa ko Fotugal ko Sifen, aka saye su da araha a tashar jiragen ruwa. Akwai ƙanana masu cin lita 250 ko sama da haka kaɗan, akwai matsakaita masu cin kimanin 650, akwai kuma manya da ke cin dubbai. Abin da ke faruwa a cikinsu ya daɗe yana zama abin al'ajabi, sai a 1977 wasu masana na Jami'ar Leuven, a ƙarƙashin Farfesa Hubert Verachtert, suka bayyana shi daki-daki. Ashe halittun ba tare suke aiki ba, karɓa-karɓa suke yi kamar masu gayya. Makonnin farko na wasu bakteriya ne da ke mutuwa da zarar tsami da barasa sun fara taruwa. Sai yisti irin na burodi ya karɓa na 'yan watanni, shi ne ke samar da yawancin barasar. Da zafin bazara ya shigo sai wata bakteriya mai suna Pediococcus ta tashi, ta cika giyar da tsami irin na nono, wani lokaci har ta mai da ita mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Masu sana'ar kan ce giyar ta kwanta rashin lafiya, kuma ba sa tayar da hankali, don sun san mai maganin na tafe. Mai maganin shi ne wani yistin daji mai suna Brettanomyces, wanda ke aiki sannu a hankali, ya cinye yauƙin, ya cinye ragowar sitacin nan da aka tanadar masa, ya bar warin barga da fata a madadinsu.

Ceri na shigowa ne a ƙarshen Yuli, lokacin da ya nuna. Ba irin mai zaƙin da ake ci a tebur ba, wani ƙarami ne baƙi-baƙi mai tsami, bai fi girman magarya da yawa ba, ƙwallonsa babba namansa kaɗan. Kalmar kriek ma sunan wannan ɗan itace ne a harshen Filemish, wato Holancin arewacin Beljiyam. Ana zuba shi ɗungurungum, da ɓawo da ƙwallo, a cikin gangar lambik da ta riga ta kwana biyu, gram 200 zuwa 400 ga kowace lita gwargwadon gidan da ke yi. Sukarin 'ya'yan itacen sai ya tayar da halittun da suka yi barci, ganga ta ɗauki tafasa tana fitar da jar kumfa ta baki. Mutanen da kan cusa 'yan ƙirare a bakin gangar domin kada ƙwallaye su toshe shi ta fashe. A irin wannan lokaci ƙananan ƙudaje kan yi dandazo, shi ya sa a gidan Cantillon da ke Burasel ba a kashe gizo-gizo, ba a kuma share yanarsa daga jikin ganguna. Bayan wasu watanni, in naman cerin ya narke, sai a tace, a gauraya da ɗanyar lambik, a ɗura a kwalabe masu kauri, a kwantar da su a ɗakin ƙasa su sake tsimuwa su yi iska.

To, tun yaushe ake wannan? Masu sayar da ita na son su ce tun zamanin Pieter Bruegel, mai zanen nan da ya zauna a Burasel daga 1563 har rasuwarsa a 1569. Sukan nuna zanensa na bikin auren ƙauyawa, inda wani ke tsiyaya abin sha daga tulu, su ce ai lambik ce. Gaskiya ne Bruegel ya zana wannan karkara, har cocin ƙauyen Sint-Anna-Pede da ya sa a wani zanensa na 1568 yana nan tsaye. Amma tulu ba ya magana. Rubutu mafi tsufa da aka samu da sunan wannan giya na 1794 ne, kuma a ganinmu shekara ɗari biyu da 'yan kai sun ishi kowace sana'a tinƙaho, ba sai an ara mata wasu ba. Abin da ya tabbata shi ne kafin ƙarni na 19, kowace giya a Turai in ta daɗe a ganga takan yi tsami, da yawa ko kaɗan. Mutanen Burasel sun bambanta ne da suka mai da wannan tsami abin nema, suka koyi sarrafa shi.

Har haraji ma yana da hannu a cikin ɗanɗanon. A 1822, lokacin da Beljiyam ke haɗe da Holan a ƙarƙashin sarki ɗaya, aka kafa dokar da ke karɓar harajin giya bisa girman kaskon da ake dama hatsi a ciki. Sai masu giya suka riƙa yin ƙananan kasake suna danƙara musu hatsi, ruwa kaɗan, abin da ya tilasta musu wannan damu mai wahala na ɗebe ruwa da mayarwa. An sauya dokar a 1885, amma kafin nan hannu ya saba, harshe ma ya saba.

A wancan ƙarni, abin shan talakan Burasel shi ne faro, wato lambik da aka sirka aka sa mata sukari. Marubuta za su so su ji cewa mawaƙin Faransa Charles Baudelaire, wanda ya zauna a Burasel daga 1864 zuwa 1866 cikin talauci da ɓacin rai, ya tsani faro kamar yadda ya tsani kusan komai na ƙasar, har ya yi mata ba'a da cewa da ƙazamin ruwan Senne ake yin ta. Kogin kuwa a lokacin ya cancanci zagin, domin bayan annobar kwalara ta 1866 hukumar birni, a ƙarƙashin magajin gari Jules Anspach, ta rufe shi da gini tsakanin 1867 da 1871, aka shimfiɗa manyan tituna a kansa. Ita kriek a lokacin aikin masu gidajen shaye-shaye da manoma ce. Mutum zai sayi gangar lambik daga mai dafawa, ya zuba mata cerin bayan gidansa, ya sayar wa maƙwabta. Cerin da ya fi suna shi ne na Schaerbeek, wani ƙauye a arewa maso gabashin birni, wanda manomansa kan ɗoro kayan lambu da 'ya'yan itace a kan jakuna su kawo kasuwa da asuba. Har yau laƙabin garin ke nan, garin jakuna, ko da yake birni ya haɗiye shi tuntuni, gidajen bene sun maye gurbin gonakin.

Barazana ta farko ta fito ne daga ɗakin binciken kimiyya. A 1842 aka fara yin giyar Pilsen a ƙasar Bohemiya, garau kamar zinariya, marar tsami. A 1876 Louis Pasteur ya wallafa littafinsa a kan giya, inda ya nuna hotunan ƙwayoyin da ke sa ta tsami, ya lissafa su a matsayin cututtukan giya. A 1883 kuma Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Danmak, ya ware ƙwayar yisti guda ɗaya tak ya rene ta, ta yadda mai giya zai iya samun ɗanɗano iri ɗaya yau da gobe da jibi. Haɗe da injin sanyaya, wannan ya canza sana'ar baki ɗaya. Abin da mutanen Pajottenland ke buɗe taga su yi wa maraba, duniya ta sa masa suna ƙazanta. Wani abin dariya shi ne a wannan Carlsberg ɗin ne dai, a 1904, Niels Hjelte Claussen ya gano yistin dajin da ke ba tsofaffin giyoyin Ingila ɗanɗanonsu, ya raɗa masa Brettanomyces, ma'ana naman gwarin Birtaniya. Sai a 1921 wasu masana biyu na Beljiyam, Kufferath da Van Laer, suka same shi a cikin lambik, suka ƙara masa sunan birninsu, ya zama Brettanomyces bruxellensis. Masu ruwan inabi a duk duniya har gobe suna yaƙi da shi kamar annoba.

Duk da haka lambik ta shiga ƙarni na 20 da ƙarfinta. A wajen 1900 Beljiyam na da gidajen dafa giya fiye da 3,000, kuma masu yin lambik da masu gauraya ta a Burasel da kewaye sun kai ɗaruruwa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara karya su, domin sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar daga 1914 zuwa 1918 sun kwashe tukwanen jan ƙarfe na gidajen giya don ƙera makamai, da yawa kuma ba su sake tashi ba. Amma abin da ya fi bindiga illa shi ne abin da ya biyo bayan yaƙi na biyu. Lemon kwalba ya shigo, sukari ya yi araha, yaran da suka tashi a shekarun 1950 suka girma da zaƙi a baki. Kuma a lissafin ɗan kasuwa, giyar da ke ɗaure jari shekara uku a ganga, wadda wata gangar ma za ta lalace a zubar, ba za ta iya gogayya da wadda ake gamawa cikin makonni ba.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan shi ne Constant Vanden Stock, mai gidan Belle-Vue, wanda masu sha'awar ƙwallon ƙafa suka fi sani a matsayin shugaban ƙungiyar Anderlecht daga 1971 zuwa 1996. Shi ya yaɗa lambik da aka tace, aka sa wa zaƙi, aka dafa a kwalba don kashe halittun cikinta, aka cusa mata iska da inji, aka rufe da marfin ƙarfe irin na lemo. Ta karɓu ƙwarai, ya kuma saye ƙananan gidaje da dama ya rufe su. A shekarun 1970, da cerin Schaerbeek ya yi wuya, gidan Lindemans ya koma amfani da ruwan ceri maimakon 'ya'yan, ya fito da kriek mai zaƙi wadda ta ratsa har Amurka. Wasu suka bi sahu da sakarin da kayan ƙamshi. Kafin a ankara, in mutum ya shiga gidan shaye-shaye ya ce a ba shi kriek, abin da za a kawo masa jan ruwa ne mai zaƙi kamar alewa, wanda wani lokaci lambik ɗin cikinsa kaɗan ce ainun.

Ba ma ganin adalci ne a mai da waɗannan mutane azzalumai. Wasunsu da kuɗin mai zaƙin ne suka riƙe gangunansu har zamani ya juyo. Kuma son zaƙi ba sabon abu ba ne a wurin, domin tun da can akan kawo wa mai shan lambik ƙwayar sukari da wani ɗan ƙarfe mai faffaɗan kai da ake kira stoemper, ya daka sukarin a gindin kofinsa in tsamin ya yi masa yawa. Sai dai akwai bambanci. A da, mai sha ne ke zaɓa, giyar kuma na zuwa masa yadda ganga ta haife ta. Yanzu kuwa an yanke masa hukunci tun daga masana'anta, sannan aka bar wa sabon abin tsohon suna. Yaron da ya tashi a 1970 bai ƙi kriek ta gaskiya ba, bai ma san akwai ta ba, tunda ga wata a gabansa da sunanta. Duk marubucin da ya ga yadda kalma kan rasa ma'anarta alhali ana ta furta ta kullum, zai gane girman wannan asara.

Waɗanda suka tsaya ba su da yawa. Akwai Jean-Pierre Van Roy, malamin makaranta da ya auri 'yar gidan Cantillon, gidan da aka kafa a unguwar Anderlecht a 1900. Ya karɓi ragamarsa a lokacin da sauran gidajen lambik na birnin ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, ya daina sa zaƙi, a 1978 kuma ya mai da gidan gidan tarihi mai aiki, domin kuɗin shigar masu yawon buɗe ido ya taimaka wajen biyan bashi. Akwai Frank Boon, saurayin da ya shiga sana'ar a 1975 lokacin da kowa ke fita, ya gaji gangunan wani tsoho mai suna René De Vits a garin Lembeek, garin da wasu ke ganin daga sunansa kalmar lambik ta fito. Akwai iyalin Debelder na gidan 3 Fonteinen a Beersel, waɗanda gidan abincinsu ya riƙe musu sana'ar gauraya. Sai kuma wani marubuci Baturen Ingila, Michael Jackson, ba mawaƙin Amurka ba, wanda littafinsa na 1977 a kan giyoyin duniya, da shirinsa na talabijin daga baya, suka gaya wa baƙi cewa abin da 'yan Beljiyam ke jin kunyarsa a matsayin abin shan tsofaffin ƙauye ba shi da na biyu a duniya. Sau da yawa haka abin yake, sai baƙo ya yaba kafin ɗan gida ya waiwaya. Duk da wannan, a farkon shekarun 1990 gidajen da ke dafa lambik ba su fi goma da 'yan kai ba.

Shekarar 1997 ce ta zama mahaɗa. A watan Janairu wasu daga cikin masu sana'ar suka kafa ƙungiyar HORAL don kare lambik ta gargajiya, suka kuma fara bikin buɗe ƙofofin gidajensu ga jama'a. A wannan shekarar dai Tarayyar Turai ta yi rajistar sunayen a matsayin kayan gargajiya. Kalmar kriek ita kaɗai ta riga ta kuɓuce, ba yadda za a yi a ƙwato ta daga manyan kamfanoni. Sai aka kama kalma guda aka ɗaura mata nauyin duka: oude a Filemish, vieille a Faransanci, wato tsohuwa. Duk kwalbar da aka rubuta wa Oude Kriek, dole lambik ɗinta ta kasance wadda ta tsimu da kanta, ta kuma sake tsimuwa a cikin kwalba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai gadin, domin muddin halittun na raye a kwalba, duk sukarin da aka zuba za su cinye shi. Dokar ta kare hanyar yi ne, ba ta kare wurin ba. Gidan Cantillon kuwa ya ƙi shiga ƙungiyar, ya kuma ƙi rubuta kalmar a kwalabensa, bisa hujjar cewa mai asali ba shi ne ya kamata ya ƙara wa sunansa wani abu ba, kuma ba zai zauna inuwa ɗaya da masu sayar da mai zaƙi ba. Muna ganin hujjarsa, muna kuma ganin cewa da kowa ya yi irin taurin kansa, da babu dokar ko kaɗan.

Sana'ar ba ta daina zama mai haɗari ba. A watan Mayun 2009, na'urar daidaita zafi ta lalace a ɗakin ajiyar 3 Fonteinen, zafi ya haura zuwa wajen digiri 60, kwalabe fiye da 80,000 suka lalace, dubbai suka fashe. Armand Debelder, wanda ya fara dafa tasa lambik shekaru goma kafin nan, ya kusa rasa komai a dare ɗaya. Masu sa kai suka zo suka taya shi buɗe kwalaben da suka rage, aka tace abin cikinsu aka mai da shi barasa mai ƙarfi aka sayar, ya kuma sayar da tukwanensa don biyan bashi. Gidan ya farfaɗo, shi kuma ya rasu a 2022 bayan ya miƙa shi ga matasan da ya koyar.

Kafin wannan lokaci kasuwa ta riga ta juya. Amurkawa da 'yan Italiya da Japanawa suka shiga neman tsamin da jikokin masu shi suka guje wa. Gidan Oud Beersel, da ya rufe a 2002, ya sake buɗewa a 2005. Pierre Tilquin ya kafa sabon gidan gauraya a 2009. A Amurka, kamfanin Allagash na jihar Maine ya gina nasa farantin hucewa a 2007, aka kuma tabbatar cewa iskar wasu wurare ma na ɗauke da irin waɗannan halittu, abin da ya rage wa tatsuniyar iskar Senne kwarjini, ko da yake bai rage wa gwanintar masu gaurayawa komai ba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giya ta Beljiyam a jerin gadon bil Adama. Kwalbar da a 1975 ba ta da mai saye, yau akan yi layi a kanta, wasu ma su saya don su sayar da ninkin kuɗinta, har tsofaffin ƙauyen da suka riƙe ta lokacin da ba ta da daraja suna ƙorafin ta fi ƙarfin aljihunsu.

Abubuwa biyu ne kuɗi bai iya gyarawa da sauri ba. Na farko ceri. Yawancin wanda ake zubawa a ganguna yanzu daga Folan da Turkiyya da lardin Limburg yake zuwa, na Schaerbeek kuwa ya zama na kwalabe na musamman, ana bin sa gida-gida a lambunan mutane. Gidaje irin su 3 Fonteinen da Oud Beersel sun koma dasa irin a gonakin Pajottenland, amma itace sai ya yi shekaru kafin ya ba da abin kirki. Na biyu sanyin dare. Farantin nan na saman bene na bukatar dare mai sanyi tsakanin digiri 3 ƙasa da sifiri zuwa 8 a samansa. A kakar 2015, Jean Van Roy, ɗan Jean-Pierre, ya zubar da dahuwa uku ya dakatar da aiki saboda dararen Nuwamba sun yi ɗumi. Wani bincike da aka yi da bayanan gidan nasa a 2018 ya nuna cewa kwanakin da suka dace da dafa lambik sun ragu daga kimanin 165 a farkon ƙarni na 20 zuwa kimanin 140. Ana iya sa injin sanyaya a ɗakin, amma Van Roy ya ce ba zai sa ba, don haka duk shekara, in Oktoba ta ƙare, sai ya zuba wa hasashen yanayi ido kafin ya hura wuta.